Daga Kasko zuwa Ƙwan LED: Tarihin Fitila a Kudancin Kano

Sana'ar tallar kananzir ta mutu a ƙasarmu ba a yi mata ko zaman makoki ba. Shekaru ashirin baya, babu unguwar da za ka ratsa a Kiru ko Bebeji da la'asar sakaliya ba ka ji muryar yarinya tana neman masu saye ba, galan a ka, mazurari da kwalbar awo a hannu. Yau ka aiki yaro ya sayo maka na zuba wa fitila, sai ya zaga gari ya dawo hannu rabbana. Ba hukuma ce ta hana ba, ba kuma malamai ne suka yi wa'azi a kai ba. Wani ɗan ƙwai ne mai faɗin milimita 5, mai ƙafafu biyu na waya, ya shigo kasuwa ya raba ta da abincinta. Sunansa LED.

Ni mai gyaran rediyo ne. A Kwanar Ɗangora na koyi aiki, a nan kuma teburina yake har gobe, sai dai rediyo ya yi ƙaranci. Abin da ya fi cika gabana yanzu fitilu ne: ta hannu, ta goshi, ta caji, ta sola. Wanda ya daɗe yana kwance cikin fitila yakan soma tambayar abin da mai saye ba ya tambaya. Tawa tambayar ita ce: abin da fitila take ci, daga ina yake fitowa, kuma aljihun wa kuɗinsa yake komawa? Wanda ya bi wannan tambaya tun daga kakanninmu zuwa yau, ya shiga tarihin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ta ƙofar da ba a cika bi ba.

Lokacin da gona ke haska ɗaki

Kafin zuwan Turawa, hasken dare a nan daga gona da daji yake fitowa. Masu ginin tukwane su ne ke yin fitilar, ɗan kasko mai baki a gefe inda lagwani zai kwanta. Lagwanin audugar gida ce. Man kuwa ko na gyaɗa da aka matse wajen yin ƙuli-ƙuli, ko man kaɗe, don kaɗanya tana da yawa idan aka nausa kudu wajen Falgore da Doguwa. Masu hali sukan sa maƙeri ya ƙera musu ta ƙarfe mai tsayuwa da ƙafarta. Ashana babu. Ko a buga ƙyastu, ko a aiki yaro maƙwabta ya ɗebo garwashi a tsingaro.

Na riski wannan fitilar a ɗakin kakata ta wajen uba, wadda har ta koma ga Allah ba ta yarda kananzir ya kwana kusa da ƙwaryar furarta ba. Takan yagi auduga, ta murza ta a cinya har ta yi siriri, ta tsoma a mai, ta kwantar da ita a bakin kaskon. Harshen wutar ɗan ƙarami ne, ja-ja, ba ya haska komai sai tabarmar da kake kai da fuskar wanda ke gabanka. In na tura lagwanin gaba don ya ƙara ci, sai ta ce, "Kai ɗan nan, ja shi baya. Mai ba ruwan rijiya ba ne, da shi za a yi miyar gobe."

Wannan maganar tata ita ce dokar wancan zamanin. Fitila da tukunyar miya kwalba ɗaya suke sha, don haka haske ba abin wasa ba ne. Ana idar da sallar isha'i, a ci tuwo, a hure wuta. Dare mahutar bawa. Hira da gaɗa da langa da kokawa a dandali, duk sai an jira farin wata. Waɗanda dole ta sa su raya dare sun nemi tasu dabarar. A tsangaya, kolo da titibiri su ne masu yo kara da itace da rana, da dare a hura wuta a tsakiya, a kewaye ta da alluna, gardawa na gefe suna tilawa. Da asuba a sake tayar da ita. Alarammomi da yawa na wannan yanki da hasken karan dawa suka haddace Alƙur'ani.

Sai fatake. Bebeji gari ne mai ganuwa a kan hanyar Kano zuwa Zariya, ayari na sauka a cikinsa yana tashi. Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa ta garin a 1826, kuma ta nan rundunar Kanar Morland ta bi, ta fasa ƙofa da igwa, kafin ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903. Garin da baƙi ke kwana ba ya rasa mai tuwo da mai fura da ke zama bayan magariba da ɗan kaskonta a gefen ƙwarya. Amma ko a irin wannan gari na kasuwanci, duk abin da fitila ke buƙata, yumɓu da auduga da mai, ba ya wuce tafiyar yini guda daga ƙofar gida.

Gyaɗa ta gangara, garwa ta hauro

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya ratsa ta ƙasar Kiru, a 1912 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa. Turawa auduga suka sa wa rai, manoman Kano kuwa suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan ciniki ɗan Bebeji ne, Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a garin a 1877 cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro, ya kuma shiga sayen gyaɗa wa kamfanin Neja a 1918. Gyaɗar da ake matsewa a zuba a kasko ta zama abin ɗurawa a buhu a kai sikeli. Jirgin da ya gangara da ita Ikko shi ne ya hauro da gishiri da atamfa da ashana da kananzir.

Kananzir a garwa yake zuwa, mai cin galan 4, biyu-biyu a akwatin katako. Idan ta ƙare ba a yar da ita: masu sayar da ruwa su ɗauka, mata su auna hatsi, wasu su fasa su yi ƙyauren ɗaki. Garwa baƙin ƙarfe ce da aka shafe da kuza don kada ta yi tsatsa, kuza kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Mutanen Riruwai, can cikin duwatsun Doguwa, sun iya narka ta tun kafin Bature ya zo, suna zuba ta tsinke-tsinke fatake na kai wa kasuwanni. A zamanin mulkin mallaka kamfanoni suka karɓe haƙar, ana kwasar kuzar Jos da ta Riruwai zuwa Ingila. Wato mun sayar da gyaɗa da kuza ɗanyu, mun sayi haske a gwangwani.

Daga nan aka samu sabuwar sana'a, ta masu ƙirar gwangwani. Su ne suka fito da aci-balbal: gwangwanin madara ko na tumatir, a liƙe masa murfi da dalma, a tsayar da ɗan bututu a tsakiya, a zura tsumma. Ba ta da tsada, iska kaɗan ke kashe ta, hayaƙinta kuwa wanda ya kwana da ita a ɗaki zai ga shaida a hancinsa da safe. Ita ce fitilar mai ƙosai da mai tsire da ɗan makarantar boko mai bitar darasi.

Sama da ita akwai fitilar ƙwai, da farko ta Jamus irin su Feuerhand, daga baya ta Sin ta cika kasuwa. Wannan kam ta shiga kayan ɗakin amarya. A gidanmu aikin yara ne kafin magariba: a ɗaga marfin, a zaro ƙwan a hankali, a goge baƙin da toka da tsumma, a datse bakin lagwani da reza ya daidaita, don in ya karkace harshen wuta zai yi ƙaho ya sake baƙanta ƙwan. Wanda ya fasa ƙwai ya san abin da ke jiransa. In tsagewa ce kawai, sai a manna takarda a lallaɓa har ranar kasuwa. Can ƙololuwa kuma akwai Tilley ta Ingila, wadda ake yi wa famfo, mai 'yar farar raga da ke haske tana huci. Ba kowa ke da ita ba. Ta gidan hakimi ce, da wurin wa'azi, da ɗaurin aure, da teburin mai shayin da ya kafu a tasha.

Tocila ta zo da nata tsarin. Jikin ƙarfe, batir manya biyu ko uku, ɗan ƙwai mai zaren ƙarfe a ciki. Maigida ne ke riƙe da ita, a ƙarƙashin matashi take kwana, ba a kunna ta sai an ji motsi a turken awaki ko za a duba kunama. Dalili shi ne cin batir. Idan ya yi sanyi a shanya shi a rana, ko a ɗan daddaƙa gefensa, a samu na kwana biyu, sannan a mayar da shi cikin rediyo ya ƙarasa.

Haske ya ƙaru, ba musu. Amma tun daga wannan lokaci duk daren Allah sai an fitar da kuɗi, kuma kuɗin ba ya tsayawa a garin.

Ruwa a kusa, wuta a nesa

Birnin Kano ya ga lantarki tun wajen 1930. Mu kuwa sai labari. An gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, a 2013 aka miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga KEDCO. A tsakanin nan turaku sun iso manyan garuruwa da na bakin titi. Ƙauyukan da ke lungu, da rugagen da ke gefen dajin Falgore, da yawansu har yau ba a kafa musu turke ko ɗaya ba.

Abin da ya sa jiran ya fi yi wa mutanen nan ciwo shi ne Tiga. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a ƙasar Bebeji, ruwan da take tarewa ya kusa kubik mita biliyan 2. An tashi ƙauyuka saboda ita. Amma ba don wuta aka yi ta ba. Don noman rani aka yi ta, ruwan ya bi magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da kuma don shan mutanen birni. Sai a 'yan shekarun nan aka ɗora mata injin wuta mai megawat 10, shi ma an tsara shi ne don matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Masunci a Tiga ya shekara arba'in yana jefa koma a kan ruwan da zai iya haska garinsa, yana dawowa gida yana kunna aci-balbal.

A shekarun da ake ginin Tiga ne kuma fari ya afka wa Arewa, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, dalar gyaɗa ta rushe. Amfanin gonar da ya saya mana kananzir ya tafi, buƙatar kananzir ta zauna.

Abin da ke cikin ɗan ƙwan

LED na farko da na sani ba fitila ba ne. Jan idon nan ne da ke jikin rikoda mai kaset, wanda ke nuna cewa tana kunne, da jerin 'yan uwansa masu hawa da sauka idan kiɗa ya yi ƙarfi. Wata rana ina yaron shago na tambayi maigidana me ya sa ba ya ƙonewa kamar ƙwan tocila. Ya ciro ɗaya daga matacciyar rikoda, ya ɗaga shi saitin rana, ya ce, "Duba da kyau, ka ga zare a ciki?" Na ce, "Babu, Maigida." Ya ce, "To me zai tsinke?"

Tsohon ƙwai da zafi yake aiki. Wuta na bi ta siririn zaren ƙarfe, ya yi zafin da ya haura digiri 2,000, ya yi fari. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin batir a zafi yake tafiya. LED ba ya dafa komai. A cikin robar nan mai haske akwai ɗan ƙwarya-ƙwaryar ƙarfe, a cikinsa an ɗora wani ɗan gutsure da bai kai milimita 1 ba. Gutsuren an yi shi da irin sinadaran da ba sa sakin wuta ta wuce sakaka yadda jan ƙarfe ke yi, ba sa kuma tare ta ɗungum yadda roba ke yi. Hawa biyu ne a manne. An gauraya ɗaya da abin da ya sa ilektron, wato ƙwayoyin da gudunsu shi ne lantarki, suka yi masa yawa. Ɗayan an gauraya shi da abin da ya bar masa gurabe, wuraren da ilektron ya kamata ya zauna amma babu.

Idan aka haɗa batir ta fuskar da ta dace, sai ya tura ilektron su tsallaka iyaka su faɗa cikin guraben. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin magudanar Tiga, inda ruwa ke zubowa daga tudu zuwa gangare, ya san ƙarfin faɗuwar ba ya ɓacewa, ƙara yake zama, kuma gwargwadon tsawon gangaren gwargwadon ƙarar. A cikin LED kowace faɗuwa haske take zama, zurfin faɗuwar kuma shi ke yanke launi. Gajeriya ta ba da ja, da bolt 2 ko ƙasa da haka an gama. Mai zurfi ta ba da shuɗi, ita sai an kai bolt 3. Zurfin kuwa sinadarin da aka yi gutsuren da shi ne ke ƙayyade shi, ba launin robar waje ba.

In ka juya batir, ƙofa ta rufe, ba abin da zai wuce. Shi ya sa ake kiransa diyod, hanyarsa ɗaya ce. Doguwar ƙafa tana zuwa kan batir, gajeriya tana zuwa gindinsa. Yaran shago da yawa sun yar da ƙwai mai lafiya suna cewa ya mutu, alhali a juye suka ɗaura shi. Abu na biyu da ake koya wa yaro shi ne LED bai san ƙoshi ba. Ƙaramin nan miliamfiya 20 ya ishe shi, amma in ka ba shi fiye zai karɓa har ya hallaka. Batir uku bolt 4.5 ne, farin ƙwai 3 yake so, don haka sai an sa razista mai om 75 zuwa 100 ta shanye ragowar.

Turawa sun daɗe da ganin alamar abin. H. J. Round a Ingila ya lura da shi a 1907, Oleg Losev a Rasha ya yi rubutu a kansa a 1927, Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka ya yi ja mai amfani a 1962. Rawaya da kore suka biyo baya. Shuɗi ne ya gagara kusan shekara talatin, kuma in babu shuɗi babu fari. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya a Japan suka buɗe hanya a 1989 da haɗin galiyom da naitirojin, Shuji Nakamura na kamfanin Nichia ya fito da shuɗi mai ƙarfi a 1993. A 1996 kamfanin ya soma sayar da fari. Dabarar kana iya ganinta da idonka: kashe fitilar wayarka ka dubi ƙwan, za ka ga ɗigon rawaya. Hoda ce aka shafa a kan shuɗin gutsure. Tana shan wani kaso na shuɗin ta mayar da shi rawaya, ido ya haɗa biyun ya ga fari. Fitilar da aka yi wa ƙwauron hodar ita ce mai hasken nan shuɗi-shuɗi da ke sa ido ruwa.

Mutum ukun nan sun karɓi kyautar Nobel a 2014, masu ba da kyautar kuma sun ambaci mutane sama da biliyan 1.5 da wayar lantarki ba ta kai gare su ba. Da mu ake. Hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa, LED mai wat 9 yana ba da shi. Wancan awa 1,000 ne ajalinsa, wannan in mai kyau ne yana haura awa 25,000. Da zarar haske ya daina buƙatar wuta mai yawa, ya daina buƙatar turke da taransifoma.

Yadda ya shigo kasuwanninmu

Ta aljihu ya fara shigowa. Wayar salula ta zo Najeriya a 2001, a 2003 Nokia ta fito da samfurin 1100 mai ɗan ƙwai a ka. Da sabis ya iso garuruwanmu, mutum in zai sayi waya sai ya ce a ba shi mai tocila. Tsofaffi da yawa sun fi kunna fitilar fiye da buga kira.

Sannan aka yi wani ɗan zamani da nake tunawa da daɗi, wajen tsakiyar shekarun 2000, lokacin da mu da kanmu muke haɗa fitila. Mukan sari ƙwayayen a leda daga kasuwar Sabon Gari. A samu tsohon faifan CD, a huda shi, a jera ƙwai huɗu ko shida, a murɗe ƙafafun ta baya a ɗiga dalma. Ƙarfen narka dalmar a gawayi muke gasa shi. A ƙusance faifan a jikin ɗan katako, a yi wa batir Tiger Head uku akwati a ƙasa, a sa makunni. Bayan faifan mai ƙyalli shi ke watsa hasken. Jama'a suka laƙaba mata sunan shaguɓe ga masu mulkin lokacin saboda alƙawarin wuta, sunan da ba sai na maimaita ba, duk wanda ya kai shekara talatin ya san shi. Ranar kasuwa yaro zai fita da su cike da kwali ya dawo da kwalin wayam. Batirin da tsohuwar tocila ke cinyewa a 'yan darare, wannan sai ta yi makonni da shi, ba hayaƙi, ba gobara, iska ba ta kashe ta.

Ba mu daɗe muna cin kasuwar ba. Masana'antun Sin suka turo ta roba mai kyan gani, mai ƙwai ashirin ko talatin, wadda farashinta bai kai kuɗin kayan haɗin tamu ba. Ta caji ta biyo, shagunan cajin waya masu janareta suka samu ƙarin ciniki. Kananzir kuma ya yi ta hawa. Farashin gwamnati naira 50 ne lita har zuwa Janairun 2016, ko da yake mutumin ƙauye bai cika samunsa a haka ba. Zuwa ƙarshen 2022 lita ta haura naira 1,000. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, masu caji da yawa suka kashe janareta suka ɗora farantin sola a kan rufin shago.

Yanzu dare ya zama lokacin aiki. Manomin shinkafa a Tudun Wada yana ban ruwa da fitila ɗaure a goshi, hannayensa biyu a sake. Mai masara a Doguwa yana gadin tarin amfaninsa da tocilar da ke kai haske ƙarshen gona. 'Yan sintiri a hanyar Jos da ta ratsa Falgore, da makiyayi mai duba garke, da ungozoma, da masuncin da ke warware taru kafin asuba, duk ɗan ƙwan nan ne a hannunsu. Tsangayu da dama sun rataya fitilar sola inda a da ake hura kara. Ɗan ƙwan yana cikin fitilar babur, yana bayan gilashin waya da talabijin, yana kan rimot yana fitar da hasken da ido ba ya gani. In kana so ka san rimot na da rai, saita shi ga kyamarar waya ka danna, za ka ga yana ƙiftawa.

Abin da ya dawo gida da wanda bai dawo ba

In aka koma ga tambayar abin da fitila ke ci, fitilar sola ta yi abin da ba a gani ba tun zamanin kasko: abincinta ya dawo gida. Ranar da ke busar da shanyar barkono a kan rufi ita ce ke cika batir, ba a biyan kowa ko sisi. Sai dai kaskon kansa ya yi nisan da bai taɓa yi ba. Mai ginin tukwane 'yar unguwa ce, mai ƙirar gwangwani ɗan kasuwarmu ne, amma ƙwai da faranti da batir duk sai sun hau jirgin ruwa. A da kullum ake biya kaɗan-kaɗan. Yanzu a dunƙule ake biya, duk lokacin da fitila ta mutu.

Kuma suna mutuwa da wuri, araha ba ta ado. Abin da nake gani a teburina shi ne ba safai ƙwan ke da laifi ba. Ko an yi rowar razista an bar ƙwayaye suna shan wuta fiye da kima har su dushe, ko ba a sa musu ƙarfen da zai janye zafi ba, ko makunni ya yi tsatsa, ko kuma, mafi yawa, batir ya daina riƙe caji. Fitilun sola na kan titi da ake kafawa a garuruwa su ma haka: ka ga turke a tsaye, faranti lafiya, ƙwai lafiya, batir ne ya kwanta ba mai canjawa. Fitilar da mai ita ya fid da rai da ita, sau da yawa batir ɗin litiyom guda mai bolt 3.7 da ɗigon dalma biyu ne tsakaninta da tashi.

Matattun kuma a juji suke ƙarewa, tokar juji a kai ta gona a matsayin taki. Fitilun caji masu araha da yawa ƙaramin batir mai dalma da ruwan asid ne a cikinsu, yara na fasawa suna wasa da shi. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu ta dalilin niƙan duwatsun zinariya a cikin gida, ba zai so ganin dalma a hannun yaro ba ko ta wace hanya ta zo.

Ba na sa ran za a yi gutsuren LED a Kano nan kusa, injinan da ke yin sa ƙasashe kaɗan ne ke da su. Amma haɗawa da gyarawa da sauya batir ba sai an je Nagoya ba, mun taɓa yi da faifan CD da gawayi. Ga kwalejin fasaha a Bagauda, ga yara a kowane shagon caji da suka iya kwance waya su ɗaura. A koya musu karanta mita, da lissafin razista, da auna farantin da zai ishi batir. Duk ƙaramar hukumar da za ta kafa fitilun titi ta ware kuɗin batir na shekaru masu zuwa, ta kuma damƙa kulawar ga mai gyara ɗan garin. 'Yan gwangwan da ke zagayawa sayen tsohon ƙarfe su sa wa mataccen batir farashi, ko ƙanƙani ne, don in yana da kuɗi ba mai barin sa a juji. Kuɗin ƙwai dai ya riga ya tafi ƙetare. Na gyara da na batir shi ne wanda har yanzu za mu iya tsayar da shi a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa.